Dokokin Iskar Gas a Ajin Kemistiri na Sakandare

Dokokin iskar gas ƙa'idoji ne na kimiyya da ke bayyana yadda abubuwa huɗu ke tafiya tare: matsin iska, girman wurin da ta cike, zafinta, da yawanta. A makarantun sakandare na jihar Gombe, kamar sauran Najeriya, ɗaliban kimiyya kan haɗu da su tun a ajin SS1, kuma suna cikin manhajar jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. A nan ne lissafi ke fara shiga kemistiri gadan-gadan, kuma a nan ne yara da yawa ke fara jin tsoron darasin.

Tun daga suna ake samun tangarɗa. A bakin mutanen gari, iska ita ce wadda ake shaƙa ko wadda ke kaɗa bishiya, gas kuwa na girki ne. A kimiyya, gas shi ne duk abin da ba shi da siffa ko girma na kansa, wanda ke bazuwa ya cike duk mazubin da aka sa shi. Ƙananan ƙwayoyinsa ba sa tsayawa, kullum suna gudu suna karo da bangon mazubin, kuma wannan karon shi ake kira matsi.

Asalin dokokin

A 1662 Robert Boyle, wanda ke aiki a Oxford ta Ingila, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da bututun gilashi mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Ya toshe gajeren gefen da iska a ciki, ya riƙa zuba zaiba ta dogon gefen. Ya ga idan matsi ya ninka, wurin da iskar ta cike sai ya koma rabi, muddin zafi bai sauya ba. Wajen 1787 Jacques Charles na Faransa ya lura iska na buɗewa daidai gwargwadon ƙaruwar zafi idan matsi na nan yadda yake. Bai wallafa ba, sai a 1802 Joseph Gay-Lussac ya fitar da bayanin, ya kuma ambaci aikin Charles. A 1811 Amedeo Avogadro na Italiya ya kawo ra'ayin cewa mazubi biyu masu girma ɗaya, a zafi ɗaya da matsi ɗaya, adadin ƙwayoyin da ke cikinsu ɗaya ne ko da gas ɗin ya bambanta. Émile Clapeyron ya haɗa dokokin wuri guda a 1834, abin da a yau ake rubutawa PV = nRT, inda P ke nufin matsi, V girma, n yawan gas, T zafi, R kuwa lamba ce da ba ta sauyawa. Akwai kuma dokar John Dalton ta 1801, wadda ta ce a gaurayen gas kowanne na ba da nasa kason matsin.

Yadda ake koyarwa

Hanyar da aka fi sabawa ita ce malami ya rubuta doka a allo, ya zana jadawali, ya ba da lissafi. Yaro zai haddace lissafin dokar Boyle, P₁V₁ = P₂V₂, tsaf, amma ka tambaye shi me ke faruwa a cikin famfon keke, ya yi shiru. Abin takaici ne, domin da wuya a sami wani babi a kemistiri da kayan gwajinsa suka kai na wannan araha.

Sirinji mara allura ya isa a nuna dokar Boyle. A ja shi zuwa lamba 20, ɗaliba ta toshe bakin da babban yatsa, ta danna. Zuwa 15 yana tafiya salin-alin. Kafin ya kai 10 hannunta ya fara rawa, sai ka ji ta ce, "Malam, ya ƙi shiga." A lamba 10 matsin ya ninka na farko, kuma yatsanta ne ya gaya mata kafin allo. Ta saki, sandar ta dawo baya da kanta. Dokar Charles kuma gorar da ba ruwa a ciki da balan-balan a bakinta sun wadatar: a tsoma gorar a ruwan zafi balan-balan ya miƙe, a mayar da ita ruwan randa ya kwanta.

Ma'aunin Kelvin

Babu inda ɗalibai ke zubar da maki kamar a nan. Dokar Charles ba ta aiki da digirin Salshiyos, sai da ma'aunin da Lord Kelvin ya gabatar a 1848, wanda sifilinsa ke daidai da digiri 273.15 ƙasa da sifilin Salshiyos. A aji 273 ake ƙarawa. Yaron da ya ga iska ta tashi daga digiri 27 zuwa 54 zai ce zafi ya ninka, don haka girma ma ya ninka. A Kelvin kuwa daga 300 ne zuwa 327, ƙarin kashi 9 cikin ɗari kacal. Dalilin ya kamata a faɗa masa, kada a bar shi da "haka dokar take": sifilin Salshiyos wurin daskarewar ruwa ne kawai, ƙwayoyin iska na nan suna gudu a wannan sanyin. Ƙidayar da ta dace da kuzarinsu ita ce wadda ta fara daga inda kuzarin ya kai ƙarshen ƙaranci.

Yanayin Gombe kansa abin koyarwa ne. Tayar da mai faci ya ba iska da sanyin safiya a digiri 17, idan ta sha kwalta da ranar Afrilu iskar cikinta ta kai digiri 47, to ta tashi daga Kelvin 290 zuwa 320. Taya ba ta buɗewa sosai, saboda haka matsi ne ke ƙaruwa, da kusan kashi 10 cikin ɗari. Direbobin hanyar Gombe zuwa Bauchi sun san taya kan yi tauri da zafin rana tun kafin kowa ya rubuta musu lissafinsa.

Haka batun lita 22.4, girman da mol ɗaya na gas (mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyi a kemistiri) ke cikewa a daidaitaccen yanayi, wato digiri sifili da matsin milimita 760 na zaiba. Ajin Gombe bai taɓa zama a wannan yanayi ba. A digiri 30 da matsin 760, girman ya kusa lita 24.9, ga shi kuma garin na sama da matakin teku, matsin iskarsa bai kai 760 ba.

Misali ɗaya na buƙatar hattara. Tukunyar gas ɗin girki ruwa ne a cikinta, ana jin motsinsa idan an girgiza, tururinsa ne kawai a sama. Matsinta na ƙaruwa da zafi, shi ya sa ba a ajiye ta a rana ko kusa da murhu, amma ba a lissafa shi da dokar Boyle.

Bazuwar gas

Dokar Thomas Graham ta ce gas mara nauyi ya fi mai nauyi saurin bazuwa. A ɗakin gwaji akan sa audugar da aka jiƙa da amoniya a bakin dogon bututun gilashi, a ɗaya bakin kuma audugar asid haidirokulorik, a toshe duka biyun. Bayan 'yan mintoci farin zobe zai bayyana a inda tururin biyu suka haɗu, kusa da gefen asid ɗin, domin nauyin ƙwayar amoniya 17 ne, na ɗayan 36.5. Malami ne ke yin wannan gwaji da hannunsa, tagogi a buɗe, ɗalibai na kallo daga ɗan nesa, saboda tururin duka biyun na ƙona hanci da ido.