Maƙalar da ta kwana shekara huɗu ba a waiwaye ta ba

Da Babbar Sallar nan wani tsohon ɗalibina ya zo gida. Ni na koya masa fiziks a sakandare nan ƙasar Ringim, yanzu yana koyarwa a jami'a, fanninsa lissafin ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra. Bayan la'asar muna kan tabarma a gindin darbejiya, sai ya miƙo mini wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya buɗe shafinsa na Google Scholar, dandalin intanet da ke nuna maƙalun masani da yawan waɗanda suka ambace su a nasu rubutun. "Malam, duba nan," in ji shi. "Aikin da ya cinye mini shekara uku ke nan, mutum biyu kacal suka ambace shi."

Kukan da ake ta yi a tsakanin malaman jami'a ke nan: ƙarin girma ya koma ƙirgen maƙalu da ƙirgen ambato, har wasu na biyan kuɗi a buga musu a mujallun da ba sa tantance komai. Masu muhawarar na magana kamar jiya abin ya faɗo. Ba jiya ba ne.

A 1955 Eugene Garfield ya kawo shawarar a riƙa tattara wa ya ambaci wa a rubutun kimiyya, kundin farko ya fito a 1964. Manufarsa kusa take da isnadi a wajen malamanmu na zaure: ka bi magana ka ga daga wa aka karɓo ta. Google Scholar ya zo a 2004. A 2005 Jorge Hirsch ya fito da ma'aunin h: in kana da maƙala goma, kowace an ambace ta aƙalla sau goma, ma'auninka goma ne. A 2012 har sai da wasu masana suka taru a San Faransisko suka ja kunne kan auna mutum da sunan mujallar da ya buga. Wannan duk sananne ne.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru tun ƙirgen yana jariri. A Nuwamban 1967 masanin fiziks Steven Weinberg, yana ɗan shekara 34, ya buga maƙala mai shafi uku a Amurka. A ciki ya nuna cewa ƙarfin lantarki da maganaɗisu, da kuma raunanan ƙarfin nan da ke sa wasu ƙwayoyi rikiɗewa, tushensu ɗaya. Abdus Salam ɗan Pakistan ya iso wuri guda ta tasa hanyar. Sai shiru. A ƙidayar da wani masanin fiziks, Sidney Coleman, ya kawo daga baya, babu ambato ko ɗaya a 1968 da 1969, ɗaya a 1970, huɗu a 1971.

Ba hassada ba ce, kuma ba don marubucin baƙo ne ba. Matsalar ita ce irin wannan lissafi, in ka zurfafa shi, amsa takan fito adadi marar iyaka, kuma ba wanda ya tabbatar akwai hanyar kawar da hakan. Weinberg ya yi zaton akwai, amma bai iya kafa hujja ba. Wa zai ɗora gini a kan harsashin da ba a gwada ba? A 1971 wani ɗalibi ɗan ƙasar Holan, Gerard 't Hooft, mai shekara 25, ya warware ƙullin. Shekarar da ta biyo ambato ya kai 64, a 1973 ya kai 162, a shekarar kuma aka ga alamar farko ta gaskiyar maganar a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra da ke Jeneba. A 1979 Weinberg da Salam da Sheldon Glashow suka karɓi lambar yabo ta Nobel. Ko wasali ba a canza a maƙalar ba. Jama'a ne suka samu abin da za su riƙe ta da shi. Yau tana cikin waɗanda aka fi ambato a fannin.

Shi ya sa ban cewa ƙirgen ƙarya ne. Yakan faɗi gaskiya, sai dai a makare, kuma abin da yake faɗa shi ne mutum nawa suka iya amfani da aikinka zuwa yau. Manomin Dutse ya san gero wata uku ne, dabino kuwa sai an yi shekaru ana ban ruwa. Inda aka ɓata, a ganina, shi ne da aka ɗauki mudun da aka yi don bin sawun ilimi ana auna matashi da shi duk bayan shekara uku. Hirsch kansa da manyan da suka shekara talatin suna aiki ya fara gwaji, inda ma'aunin h na masanin fiziks Edward Witten ya kai 110. Peter Higgs ma, da aka ga ƙwayar da ya yi hasashe a 1964 sai a 2012, ya faɗa da bakinsa a 2013 cewa a irin wannan tsari da wuya a ɗauke shi aiki, don bai rubuta da yawa ba.

Na ba ɗalibina wannan labari. Ya yi shiru yana jujjuya wayar, sannan ya ce akwai mujallar da ta aiko masa saƙo za ta buga masa cikin mako biyu in ya biya. Na ce masa kada ya tura, ya raba mini lissafin nasa in gani ko da ba zan gane rabinsa ba. Da aka kira magariba ya tashi ya ɗauko jakarsa.