Wai duk mai kati a asibiti an riga an sa shi cikin gwajin magani?

Wannan magana ta daɗe tana yawo, wai da zarar an buɗe maka fayil shikenan likitoci za su iya gwada sabon magani a jikinka ba ka sani ba. Ban ga laifin masu tsoron ba gaskiya, jiki ba abin wasa ba ne.

Amma ga yadda abin yake. Masu bincike kan duba bayanan asibiti ne don su gano wa ya dace, misali suna neman masu hawan jini ko masu sikila na wasu shekaru, to fayil ɗin ne zai nuna, kuma ko wannan dubawar sai kwamitin ɗa'a na bincike, wato masu tantance bincike don kare haƙƙin mutanen da za a yi shi a kansu, ya amince. Daga nan gayyata ce kawai. Kafin a ba ka ko ƙwaya ɗaya sai an zaunar da kai an yi maka bayani da yaren da kake ji, ka sa hannu a takardar amincewa, in ba ka karatu ka dangwala yatsa a gaban shaida. Yaro kuwa sai iyaye sun yarda.

In an tuntuɓe ka, ka nemi kwafin takardar ka tafi da ita gida a karanta maka, ka tambayi lambar izinin kwamitin da wanda za ka kira in wani abu ya taso. Kana iya cewa a'a, ko ka fita a tsakiya, kuma za a ci gaba da duba ka kamar da.

Don Allah a tura wa 'yan uwa su ma su gani.