Waiwaye: Jibo Bakari, mutumin da yace wa Faransa a'a tun 1958

Bayan korar sojojin Faransa daga Nijar a 2023, ya kamata matasa su san cewa wannan rigima ba yau ta fara ba. Akwai wani mutum Jibo Bakari, haifaffen Sudure kusa da Yamai a 1922, malamin makaranta ne da yayi karatu a makarantar horar da malamai ta William Ponty a Senegal, daga baya ya shiga harkar ƙungiyar ƙwadago. Mutanensa sune 'yan dako da direbobi da ƙananan 'yan kasuwa, talakawa dai, su suka ɗaga jam'iyyarsa ta Sawaba har ya zama magajin garin Yamai a 1956, a 1957 kuma ya jagoranci gwamnatin farko ta 'yan ƙasa.

To a 1958 ne Janar De Gaulle, shugaban gwamnatin Faransa a lokacin, ya kawo zaɓen raba gardama, ko a ce eh a zauna ƙarƙashin Faransa ko a ce a'a a karɓi 'yanci nan take. Jibo da Seku Ture na Gini suka ce a'a. Faransa ta ƙyale Gini amma Nijar fa bata yarda ta saki ba, ga iyaka da Aljeriya inda ake yaƙi, sai ta turo sabon gwamna Colombani wanda ya bi sarakuna yana juya su ɗaya bayan ɗaya, aka baza sojoji, ranar 28 ga Satumba aka ce wai eh ta samu kashi 78 cikin ɗari. Ni dai har gobe ban ɗauki wannan a matsayin zaɓe na gaskiya ba.

Daga nan aka tilasta wa Jibo sauka, mulki ya koma hannun ɗan uwansa Diori Hamani, a 1959 aka haramta Sawaba. Jibo yayi gudun hijira, wasu magoya bayansa suka fake a Kano wajen 'yan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano. A 1964 'yan Sawaba suka shigo da makamai, abin bai yi nasara ba, an kashe da yawa wasu ma a bainar jama'a aka harbe su, kuma talakawan da suka bishi su suka fi shan wahala.

Jibo ya dawo gida bayan hafsan soja Seyni Kunce ya kifar da Diori a 1974, ba a jima ba shima Kuncen ya kulle shi shekaru. Ya rasu a Yamai a watan Afrilu 1998.