Warshar ƙarfe ta gida a tsakanin Hausawan Hijaz

Warshar ƙarfe ta gida ɗan wuri ne da mutum ke warewa a cikin gidansa, galibi garejin mota ko wani lungu a tsakar gida, ya zuba kayan aiki yana yanka ƙarfe yana walda yana ɗan taɓa ƙira, don sha'awa da gyare-gyaren gida ba don kasuwa ba. A Makka da Jidda da Madina abin da ke yanke yadda warshar za ta kasance shine zafi da wutar lantarki da kuma maƙwabta, kayan aiki sai daga baya ake maganarsu, duk da dai yawanci su mutane ke fara rugawa su saya.

Asali

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa kuma gadonta ake yi. Akwai maƙeran baƙi, su ne masu fartanya da garma da lauje da gatari da wuƙa da linzamin doki, akwai kuma maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, su zobe da awarwaro da kayan adon mata. Kafin ƙarfen Turawa ya cika kasuwa tama ake haƙowa a narka ta, har tarihin Kano ma da maƙera yake farawa, waɗanda aka ce sun zauna a gindin dutsen Dala saboda tamar da ke wurin. Garuruwa da yawa har yau suna naɗa Sarkin Maƙera.

Maƙera ta gargajiya rumfa ce kawai ko zaure. Maƙeri na zaune a ƙasa, uwar maƙera a kafe gabansa, masaba a hannun dama awartaki a hagu, yaro na gefe yana danna zugazugin fatar akuya iska na bi ta bakin tukunyar yumɓu tana hura gawayi, kuma gawayin ƙirya aka fi so don yana da ƙarfin wuta kuma baya saurin zama toka. Ga magagari, ga kaskon ruwa na tsoma ƙarfe, shikenan. In aka cire uwar maƙerar, sauran duk za su shiga buhu ɗaya, kuma wannan ya sa sana'ar ta iya tafiya mai nisa.

Mahajjatan da ke bin ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur da Kordofan har su kai Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda, shekaru suke kwashewa a hanya, a tsaya a wani gari a yi noma ko a yi sana'a a tara guzuri sannan a ƙara gaba, to mai sana'a a hannu kamar wanzami ko baduku ko maƙeri shi ya fi kowa sauƙin tafiyar. Tafiyar ta ƙaru sosai bayan yaƙin Burmi na 1903 inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wajen 1906 kamar yadda aka fi faɗa. Wasu suka zauna Sudan, wasu suka wuce Hijaz ba su koma ba, kuma cikin jikokinsu akwai masu amsa sunan Hausawi a yau.

Ita kuwa walda daga Turai ta fito. Wani ɗan Rasha, Benardos, ya nuna haɗa ƙarfe da tartsatsin lantarki a shekarun 1880, Slavyanov, shi ma ɗan Rasha, ya yi amfani da sandar ƙarfe mai narkewa a 1888, sai Kjellberg ɗan Suwidin ya fito da sanda mai rufi a jikinta wajen 1907, irin wadda ake ƙonawa har yanzu. Giranda ta hannu mai gudun tsiya kuma a Jamus aka fara fito da ita a 1954.

Abin da ya jawo aikin nan cikin unguwanni shine gini. An rushe ganuwar Jidda a 1947 gari ya bazu, an fara babban aikin faɗaɗa Harami a 1955, a 1974 aka kafa asusun bai wa 'yan ƙasa bashin gina gida, a 1979 aka kafa kamfanin ƙarfe na Hadeed a Jubail. Kowane sabon gida yana son ƙofar ƙarfe da bagalar taga da ƙafar tankin ruwa da rumfar mota, samari da yawa a sana'iyya, wato unguwar masu sana'ar hannu da kanikawa, suka koyi riƙe sandar walda a gefen Yamanawa da 'yan Fakistan da sauransu, wasu suka bar aikin suka kama wani amma hannun bai manta ba. Daga shekarun 2000 da ƙananan injinan walda na inbata suka yi araha, waɗanda mutum zai rataya a kafaɗa maimakon tsohon taransifoma da sai mutum biyu sun ciccibo, sai abin ya dawo cikin gida.

Wuri

Garejin mota ɗaya, kamar mita 3 da mita 6, ya isa. Daɓen siminti ake so mai kaurin santimita 10 zuwa 15, ba tayil ba, don tartsatsin giranda yana cinye fuskar tayil da gilashi ya bar ɗigo-ɗigon tsatsa da ba ya goguwa, shi ya sa kuma ake fitar da mota waje tukuna. Bango na bulo. Rufin kwano zalla kuwa a Makka, inda zafi ke haura digiri 45 da bazara, azaba ce, sai dai a sa mai soso a tsakiya ko a yi silin da ba ya kama wuta.

Iska ita ce aka fi yi wa sakaci. Mutum zai rufe ƙofa ya kunna esi don ya ji sanyi ya yi ta walda, alhali esi iskar ɗakin kawai yake juyawa, hayaƙin na nan yana shiga ƙirji kuma ƙurar ƙarfe na toshe na'urar. Abin da ya dace shine fanka mai zuƙo iska waje a kafa ta a bango daidai tebur, ƙofar gareji a buɗe ko da rabi ne. Yawancin masu yi bayan la'asar suke farawa, ko da safe kafin rana ta yi ƙarfi, su ma ma'aikatan kamfanoni ai doka ta hana a sa su aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba.

Wutar lantarki

A da gidajen Saudiyya da yawa wuta iri biyu ce a cikinsu, mai ƙarfin bolt 127 da mai 220, sai a 2010 gwamnati ta yanke a koma 230 a hankali cikin shekaru. Tsofaffin gidaje har yanzu ana samun soket iri biyun, don haka a auna kafin a jona komai. Injin walda yana son layinsa shi kaɗai daga allon wuta, waya mai kaurin murabba'in milimita 4 ko 6 da bireka daidai da ita da wayar ƙasa, da kuma na'urar da ke katse wuta in ta fara bin jikin mutum, mai miliamfiya 30. Soket ɗin bango mai amfiya 13 zai ɗauki sanda siririya na ɗan lokaci, amma in aka matsa masa fulogin zai yi zafi ya narke.

Sannan wutar Saudiyya hatiz 60 ce, wato sau 60 take juyawa a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan 50. Giranda da diril na hannu ba ruwansu da wannan, amma babbar motar inji, wato abin da ke juya shi, irin ta injin huda na tsaye ko dutsen wasa wuƙa, in an ƙera ta don 50 aka jona ta a nan gudunta zai ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, mai juyi 1450 a minti ta koma wajen 1750. Wanda zai aika wa ɗan uwa inji gida shi ma sai ya duba ɗan farantin da ke jikin motar, don can ɗin raguwa gudun zai yi kuma tana iya yin zafi.

Kayan aiki

Tebur ake fara yi, kuma galibi shine aikin walda na farko: ƙafafu na faif mai kusurwa huɗu, tsayi santimita 85 zuwa 90, saman farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6 zuwa 10, a ɗaure bayis, wato abin matse ƙarfe, a kusurwa ɗaya da noti. Sai giranda mai faifai milimita 115, wadda a kasuwannin nan sarukh za ka ce a gane ka, sai diril da zarton ƙarfe da magagari da guduma da tef da sukwaya da matsai guda huɗu ko fiye.

Inbata mai amfiya 160 zuwa 200 ta wadatar. Sanda 6013 ita ce ta mai koyo, mai milimita 2.5 tana cin amfiya 60 zuwa 90, mai 3.2 kuma 90 zuwa 130. Ita 7018 ta fi ƙarfi amma tana shan laima, kuma a Jidda laima ba wasa ba ce, kwalin da aka bari a buɗe sai ka ga waldar ta fito da ƙananan ramuka. A jikin injin akwai lissafin minti nawa cikin goma zai iya aiki kafin ya nemi hutu, an auna shi ne a digiri 40, kaga a garejin Makka da azahar ba zai kai haka ba.

Wurin da ake gane hannu shine haɗa firam. Ba a cika kusurwa ɗaya da walda a wuce ta gaba, don ƙarfe in ya huce janyewa yake ya karkace. Ɗigo ɗaya ake sawa a kowace kusurwa, a ja tef daga wannan kusurwar zuwa wadda ke kallonta a karkace, a sake ja ta ɗaya ɓangaren, in awon bai zo ɗaya ba a ɗan buga da guduma har ya daidaita, sannan a cika waldar ana tsallakawa daga nan zuwa can, a ƙwanƙwasa ɓawon ya faɗi a duba.

Injin lez, mai juya ƙarfe ana fere shi, kaɗan ne ke kaiwa gare shi. Masu buƙata sukan kai aikin sana'iyya.

Murhu da ƙira

Masu son komawa aikin kakanni sukan gina ɗan murhun gas da bulon wuta, wasu kuma gawayi da fankar busar gashi a madadin zugazugi. Guntun ƙarfen titin jirgin ƙasa ko kan babbar guduma shi ke zama uwar maƙera. Ƙarfe yana ƙeruwa tsakanin digiri 900 da 1200, lokacin da ya tashi daga ja ya koma ruwan lemo. Sifirin ɗin tsohuwar mota daga tashlih, wato inda ake farfasa tsofaffin motoci, shi ake yin wuƙa da shi: bayan an ƙera a zafafa har maganaɗisu ya daina kama shi a ɗan ƙara kaɗan, a tsoma a mai, sannan a gasa shi wajen digiri 200 don kar ya yi tsauri ya karye. Murhu a waje ake hura shi ko a bakin ƙofa, don iskar da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki ba ta da wari.

Inda ake samun kaya

Sabbin kaya a shagunan sana'iyya da irin su SACO, na hannu kuma a haraj, wato kasuwar gwanjo, musamman kasuwar Sawarikh da ke kudancin Jidda. Faif da angul a tsayin mita 6 ake sayar da su, mai shago zai yanka maka biyu don su shiga mota.

Kariya

Gilashin hular walda lamba 10 ko 11, safar hannu ta fata, tabarau da toshin kunne in ana giranda, kuma ba a cire murfin girandar, faifan da ke juyi wajen dubu 11 a minti in ya fashe ba ya neman izini. Faifan yanka yana da ranar lalacewa a rubuce a zoben tsakiyarsa. Doguwar riga mai roba-roba narkewa take ta manne a fata, ghutura, wato mayafin kai na Larabawa, da rawani kuma inji na iya fizga, don haka wandon auduga da riga mai dogon hannu da takalmi rufaffe, ba silifas ba.

Ƙarfe mai rufin zinki in aka yi masa walda hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon jiki cikin dare. Wannan ya shafi murhun gasa tsire, wanda kusan kowa ke ƙerawa a farko, ragar da nama zai hau kada ta zama mai zinki ko fenti. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ba a kusantarsa da giranda ko da an ga babu komai a ciki. Tukunyar kashe gobara mai hoda kilo 6 a rataye kusa da ƙofa, a zauna rabin awa bayan an gama aiki a ga ko wani abu na ci a ɓoye, yara kuma a hana su leƙen hasken walda. Lambar 'yan kwana-kwana 998, a yankin Makka da Madina 911 ma tana aiki.

Doka da maƙwabta

Gyaran kayan gidanka daban, karɓar aikin kuɗi daban. Na biyun yana buƙatar lasisin baladiyya, wato hukumar gari, kuma ba a ba da shi a tsakiyar gidajen kwana, wanda ke zaune da iƙama kuma doka ba ta ba shi damar yin sana'ar kansa ba. Ƙarar giranda ita ke fara haɗa mutum da maƙwabci, masu hankali sukan ajiye ta lokacin ƙailula da lokutan sallah da bayan isha'i.

Rusau da aka fara a tsofaffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021 ya taɓa wuraren da Hausawa da yawa suke zaune. Hukuma ta ce gyaran gari ne da tsaro, wasu mazauna sun koka da gajeren wa'adi da tsadar haya. Da yawa sun koma gidajen bene inda babu gareji, wasu cikinsu sukan haɗa kuɗi su kama istiraha, wato gidan hutu na haya, a bayan gari su ajiye kayan aikin a can.