Waiwaye: Yadda dokar 1964 ta zama fagen daga kan ƙin jinin Yahudawa a makarantun Amurka

Duk ƙurar da ake tayarwa a Amurka kan ƙin jinin Yahudawa a makarantu da jami'o'i, tushenta wani sashe ne na doka da ko sunan addini bai kama ba. Babi na 6 na Dokar 'Yancin Jama'a, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1964, ya haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wariya saboda ƙabila, launin fata ko ƙasar asali. Wadda ta saɓa, a yanke mata tallafi. Baƙaƙen fata ne a ran masu dokar a wancan lokaci.

Sai a 2004 aka fara toshe wannan giɓi na rashin ambaton addini, kuma ba majalisa ce ta toshe ba. Wani jami'in Ma'aikatar Ilimi, Kenneth Marcus, ya fitar da wasiƙa cewa idan aka tsangwami ɗalibi saboda tsatso ko kamanni, dokar ta kare shi ko da addini ya shigo ciki. Abin da mutane kan manta shi ne wasiƙar ta haɗa da Musulmi da mabiya addinin Sikh, waɗanda ke shan tsangwama tun bayan harin 11 ga Satumban 2001. Gwamnatin Obama ta jaddada wannan fassara a 2010.

Daga nan muhawara ta koma kan me ake nufi da ƙin jinin Yahudawa, kuma nan ne gizo ke saƙar. A 2016 ƙawancen ƙasashe na tunawa da kisan kiyashin Yahudawa, IHRA, ya amince da wata ma'ana mai misalai 11, bakwai daga ciki sun shafi Isra'ila. Masu goyon baya na cewa ƙiyayya kan fake da sukar Isra'ila, don haka dole a ambace ta. Ƙungiyoyin kare 'yancin magana na cewa za a toshe bakin masu kare Falasɗinawa. Kenneth Stern, wanda ya jagoranci rubuta ma'anar tun asali, shi kansa ya ce don tattara alƙaluma aka yi ta, ba don sa wa harabar jami'a takunkumi ba. A ganina ƙorafinsa ya fi na kowa nauyi.

Sau biyu ƙudurin mayar da irin wannan ma'ana doka yana tsallake zaure ɗaya ya maƙale a ɗaya: Majalisar Dattawa ta amince a 2016, ta Wakilai kuma a Mayun 2024 da ƙuri'a 320 da 91. Shugaba Trump ya bi ta wata ƙofa, ya ba da umarni a Disamban 2019 cewa hukumomi su riƙa la'akari da ma'anar IHRA. Jihohi ma ba su jira ba. Florida ta yi tata dokar a 2019.

Harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 da yaƙin Gaza sun ruruta wutar. Bayan titsiyen da majalisa ta yi musu kan ƙin jinin Yahudawa a jami'o'insu a Disamban shekarar, shugabannin jami'o'in Pennsylvania da Harvard sun sauka. A 2025 gwamnati ta soke tallafin dala miliyan 400 na jami'ar Columbia bisa zargin ta kasa kare ɗalibai Yahudawa, daga baya jami'ar ta yarda ta biya miliyan 200 aka sasanta. Harvard ta zaɓi kotu, kuma a Satumba alƙaliya Allison Burroughs ta ce riƙe mata sama da dala biliyan 2 ya saɓa doka. Wata guda bayan haka California ta kafa dokar samar da jami'in yaƙi da ƙin jinin Yahudawa a makarantun firamare da sakandare na gwamnati, duk da adawar ƙungiyar malaman jihar.