Matsalar direban katin waya-fai a kwamfutar tebur

Katin waya-fai ƙaramar na'ura ce da ke haɗa kwamfuta da rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, ba tare da igiya ba. Yawancin kwamfutocin tebur, musamman na ofis da ake sayowa na hannu a kasuwannin Jidda da Riyad, ba sa zuwa da shi, sai mai ita ya saya ya soka a ramin PCIe da ke kan allon uwa, wato babban allon lantarkin da ke cikin kwamfutar, ko ya sa na USB. Direba kuwa ita ce manhajar da ke tafinta tsakanin katin da Windows ko Linux. Masu gyara a Saudiyya "ta'arif" suke ce mata da Larabci.

Alamomi

Matsalar takan bayyana bayan an sake ɗora Windows, ko bayan wani sabuntawa. Wani lokaci tambarin waya-fai ya ɓace ɗungurungum, wani lokaci yana nan amma ba ya ganin kowace rauta, ko ya haɗu ya riƙa yankewa. A Manajan Na'urori, shafin da ke jero duk na'urorin kwamfutar, wanda Windows ɗin Larabci ke kira Idaratul Ajhiza kuma ake buɗewa da rubuta devmgmt.msc, katin da ke da matsala yakan fito da alamar rawaya. Lamba 28 na nufin ba a ɗora direba ba sam. Lamba 10 na nufin na'urar ta kasa tashi. Lamba 43 kuwa Windows ce ta dakatar da ita saboda ta kai rahoton matsala.

Gano ainihin guntun da ke cikin katin

Nan ne mafi yawan mutane ke ɓata, kuma nan ne aikin yake. Sunan da ke jikin kwali, ko TP-Link ne ko D-Link, ba shi ne ke nuna direbar da ta dace ba, domin kamfanonin nan sayen guntun lantarkin suke yi daga Realtek, Intel, MediaTek, Broadcom ko Qualcomm Atheros. Katuna biyu masu suna ɗaya ma kan zo da guntu daban idan zubin farko ne da na biyu, shi ya sa ake duba V1 ko V2 a jikin takardar katin.

Hanya mafi tabbas ita ce lambar shaidar na'ura da ke shafin bayanan katin a Manajan Na'urori. A katin PCIe, VEN_8086 na Intel ne, VEN_10EC na Realtek, VEN_14E4 na Broadcom, VEN_168C na Atheros. A na USB, VID_0BDA na Realtek ne. Lambobi ko haruffa huɗun da ke biye, bayan DEV ko PID, su ne ke fayyace samfurin. A Linux, umarnin lspci da lsusb ke nuna wannan, rfkill kuma ya nuna ko an toshe rediyon katin. Da wannan lamba ake neman direba a shafin kamfanin da ya ƙera. Manhajojin da ke alƙawarin sabunta duk direbobi da danna ɗaya ba abin dogaro ba ne. Sau da yawa su ne ke ɗora wadda ba ta dace ba.

Tunda kwamfutar ba ta da intanet a lokacin, akan haɗa ta da rauta da igiya, ko a jona wayar hannu ta USB a ba ta intanet, ko a sauke direbar a wata kwamfuta a kawo a filash. Idan bayan sabuntawa ne abin ya lalace, komawa tsohuwar direba daga shafin katin yakan wadatar. Ga mai yankewa kuma, a cire izinin da Windows ke da shi na kashe katin don tanadin wuta.

Abubuwan da ake ɗora wa direba alhali ba laifinta ba

Tsohon katin da ke aiki a zangon 2.4 GHz kaɗai ba zai taɓa ganin 5 GHz ba, duk direbar da aka ba shi. Haka katin da aka saita wa ƙa'idar Amurka tashoshin zangon 2.4 GHz na 1 zuwa 11 yake gani, rautar gida a Saudiyya kuwa tana iya zama a tasha ta 12 ko 13. Mayar da rautar tasha 1, 6 ko 11 ke warware shi. Eriyar da ba a ɗaure da kyau ba, ko kwamfutar da aka cusa ƙarƙashin tebur jikin bangon kankare, na raunana sigina ƙwarai. Ƙura ma takan shiga ramin katin, sai a kashe wuta a zare shi, a goge, a mayar.

Akwai kuma tsufa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, ta daina wa Windows 10 a Oktoban 2025, kuma tsofaffin katuna da dama ba su da direbar Windows 11. A irin wannan hali masu gyara kan sa sabon katin USB ne kawai.