Tabon da ke bayyana a ƙwaƙwalwa ya ɓace: tambayoyi da amsoshi kan MERS a jikin manya

Wane irin ciwo ne wannan?

MERS taƙaitaccen sunan ciwon ne a Turanci (mild encephalopathy with a reversible splenial lesion). Ruɗewar ƙwaƙwalwa ce mai sauƙi, wadda hoton MRI (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu) ke nuna ta a matsayin tabo mai gogewa a gadar jijiyoyin da ke haɗa ɓarin dama da na hagu, a ƙarshenta na baya da ake kira splenium. Likitocin Japan, Tada da abokan aikinsa, su suka fayyace shi a 2004. Ya fi yawa a yara, amma yana kama manya. Ba shi da alaƙa da cutar numfashi ta MERS da ta ɓulla a Saudiyya a 2012.

Yaya yake farawa?

Galibi zazzaɓi, ciwon kai ko amai ke gaba. Bayan kwana 1 zuwa 7 sai ruɗewa, yawan barci, sambatu, nauyin baki, tangaɗi, wani lokaci jijjiga.

Me ke jawo shi?

Nan ne aikin yake, domin tabon alama ce kawai. A ƙwayoyin cuta akwai mura mai tsanani, hangum, korona, denge, taifot da maleriya mai hawa kai. A magunguna akwai na farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin, musamman idan aka yanke su rana tsaka, da kuma metronidazole. Faɗuwar sukari da ta gishirin sodiyam a jini ma suna kawo shi. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne sinadaran kumburi suna sa glutamate, wani sinadarin isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, ya taru, ruwa ya shige ƙwayoyin halitta da rigar jijiyoyi, su kumbura ba tare da sun mutu ba. Shi ya sa tabon ke gogewa.

Hoton CT, na na'ura mai amfani da X-ray, ya isa?

A'a, sau da yawa yakan fito lafiya lau. MRI ake bukata, da salon DWI, mai nuna motsin ruwa a ƙwaƙwalwa: tabo mai siffar ƙwai a tsakiya, yana haske a DWI, ya yi duhu a ADC (hoton da ake lissafowa daga DWI), kuma ba ya ɗaukar allurar rini. Idan ya tsaya a splenium nau'i na 1 ne. Idan ya bazu zuwa sauran gadar da farin ɓangaren ƙwaƙwalwa, na 2 ne. Inda babu MRI, kada a jira shi: a auna sukari nan take, a duba maleriya da sodiyam, a ɗebi ruwan baya idan ana zargin sanƙarau.

Ina ake yin kuskure?

Ɗaukar MERS a matsayin shanyewar ɓarin jiki, ko akasin haka. Tabon toshewar jini, mai jawo shanyewar, yakan karkata gefe ɗaya kuma ya bar gurbi. A mashayin giya kuwa, a tuna da cutar Marchiafava-Bignami, wadda ita ma ke taɓa wannan gadar amma ba ta da sauƙi ko kaɗan. Kuskure mafi muni shi ne gaggawar ɗaga sodiyam da ya faɗi ƙasa da 135 mmol/L (ma'aunin sodiyam a jini): ƙarin da ya wuce 8 zuwa 10 cikin awa 24 na iya jawo lahani na dindindin a ƙwaƙwalwa.

Maganinsa fa?

A magance sanadin. Ana ba wasu steroid, maganin rage kumburi, amma da yawa suna warkewa ba tare da shi ba. Yawanci hankali kan dawo cikin mako guda, a warke sarai kafin wata. A sake MRI bayan mako 2 zuwa 4. Idan tabon na nan ko alamun sun ƙaru, a sake bincike daga tushe.